Kwalejin sana'a ko kwalejin al'umma: ina ya kamata ka yi karatun lafiya na shekara biyu a Amurka?

Wanda ya shigo Amurka da girin kad, ko ta cacar biza ko ta aure ko ta iyaye, ba ya daɗewa kafin a nuna masa hanyar aikin lafiya. Da yawa cikin mutanenmu da ke Bronx da Houston da Columbus da Greensboro da kula da tsofaffi a gidajensu suka fara, ko da aikin mataimakin nas a gidan jinya, wanda ake kira CNA. Aiki ne mai lada, amma albashinsa da ƙyar yake ɗaukar haya da cefane da saƙon da ake jira a gida. Idan mutum ya yi niyyar ƙara gaba, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne digirin shekara biyu da ake kira asoshiyet, wanda a tsawon karatu ya yi kama da ND ta Najeriya, kiredit (wato ma'aunin nauyin darussa) 60 zuwa 70 da 'yan kai. A nan ne hanya take rabuwa gida biyu.

Ta farko ita ce kwalejin al'umma, mallakar jiha ko ƙaramar hukuma, irin su Hostos da Bronx Community College a birnin Niyok, ko Columbus State a Ohio, ko Guilford Tech da ke gefen Greensboro. Ta biyu ita ce kwalejin sana'a, wadda galibi ta kamfani ce mai neman riba, ko da yake akwai 'yan ƙalilan da ba na riba ba. Ita ce kake ganin tallarta a jirgin ƙasa da bas da Facebook, da hoton matashiya sanye da kayan asibiti, an rubuta cewa cikin watanni kaɗan za ka fara aiki. Ka bar lambarka da safe, kafin azahar sun kira ka, da ladabi da fara'a. Kwalejin al'umma kuwa kai za ka yi ta sintiri a ofisoshinta. Wannan bambancin tarbar yana jan baƙo ƙwarai, musamman wanda Turancinsa bai zauna ba kuma yake jin nauyin yawan tambaya.

Ra'ayina shi ne ga yawancin mutanenmu kwalejin al'umma ta fi. Akwai yanayi guda da kwalejin sana'a take da hujja mai ƙarfi, kuma zan yi mata adalci. Akwai kuma kwasa-kwasan da ba zan so ɗana ko ƙanwata su ci bashin ko dala ɗaya dominsu ba.

Kafin a yi maganar makaranta, sai an yi maganar sana'ar, domin ba duk digirin lafiya ne yake kai mutum wuri ɗaya ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, BLS, tana fitar da albashin tsaka-tsaki na kowace sana'a, wato adadin da rabin ma'aikata suka fi shi, rabi ba su kai shi ba. A alƙalumanta na watan Mayun 2023, nas mai rajista, RN, tana kan dala 86,070 a shekara. Mai kula da tsaftar haƙori 87,530. Mai ɗaukar sikanin 84,470. Jami'in kula da numfashi, wanda ke tsaye kan na'urar numfashi a ɗakin masu jinya mai tsanani, 77,960. Mai ɗaukar hoton ƙashi 73,410. Mataimakin likitan gashin ƙashi 64,080. Duk waɗannan ana iya shigarsu da digirin shekara biyu. Amma mataimakin ɗakin likita, wanda ke auna hawan jini da nauyi, ya ɗebi jini, ya shigar da bayani a kwamfuta, albashinsa dala 42,000 ne. Mataimakin nas kuwa, aikin da da yawanmu muke yi tun yanzu, yana kan 38,200.

Ka dubi waɗannan biyun na ƙarshe da kyau. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai dala 4,000 a shekara ba. Amma kwas ɗin mataimakin ɗakin likita yana cikin waɗanda kwalejojin sana'a suka fi tallatawa, saboda shigarsa ba wuya, kuma bai buƙatar kayan aiki masu tsada. Aikin nan ba ya buƙatar digiri. Satifiket na ƙasa da shekara guda ya isa, a yawancin jihohi ma ba a neman lasisi, wasu asibitocin kuma su da kansu suke koyar da mutum suna biyansa. Uwar 'ya'ya uku ta bar aikin dare, ta ci bashin dala dubu 25 ko 30, ta fito ta samu ƙarin da bai taka kara ya karya ba, wannan asara ce tsagwaronta. Haka abin yake ga digirin da aka yi wa suna mai faɗi kamar kimiyyar lafiya ko harkokin lafiya, wanda ba ya kai ka ga kowace jarrabawar lasisi. A kwalejin al'umma irin wannan digirin yana da amfani, domin tsani ne na zuwa jami'a. A kwalejin sana'a sau da yawa ba tsani ba ne, kuma ba lasisi ba ne. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kowace makaranta ita ce: idan na gama, wace jarrabawa zan zauna, kuma wace hukuma ce za ta ba ni izinin aiki?

Abin da asibiti ke ɗauka aiki shi ne lasisi, kuma lasisi ya rataya ne a kan tantancewa. A nan ake rikita baƙo, domin tantancewar hawa biyu ce. Akwai ta makarantar gaba ɗaya, wadda ke ba ta damar karɓar tallafin gwamnatin tarayya. Akwai kuma ta kwas ɗin shi kansa. Mai tallar makaranta zai ce maka an tantance mu, kuma bai yi ƙarya ba, amma ta hawa na farko yake nufi. Wanda zai zama jami'in numfashi, dole kwas ɗinsa ya kasance hukumar CoARC ta tantance shi, in ba haka ba ba zai zauna jarrabawar NBRC ba. Kwas ɗin tsaftar haƙori na CODA ne. Na mataimakin likitan gashin ƙashi na CAPTE ne. Mai hoton ƙashi jarrabawar ARRT zai zauna, wadda tun 2015 ta wajabta digirin shekara biyu, kuma tana da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su. Ga nas, wajibin farko shi ne amincewar hukumar aikin jinya ta jihar, domin da ita ake zama NCLEX, jarrabawar lasisin nas, sannan tantancewar ACEN, wadda za ka buƙata ranar da za ka nemi ci gaba da karatu ko aiki a wasu manyan asibitoci. Sikanin ya fi kowanne tarko. Wanda ya gama kwas da CAAHEP ta tantance yana iya zama jarrabawar ARDMS kai tsaye. Wanda ya gama wanda ba ta tantance ba yakan tarar sai ya kawo shaidar shekara guda ta aikin sikanin kafin a bar shi ya zauna, alhali asibitoci ba sa son ɗaukar wanda bai ci jarrabawar ba. Sai ya tsaya cak da takarda a hannu da bashi a wuya.

Kowace daga cikin hukumomin nan tana da jerin makarantunta a intanet, kyauta, kuma dubawar ba ta ɗaukar minti goma. Kada ka karɓi maganar baki, ko da daga makarantar gwamnati ce. Amma gaskiya kwalejojin al'umma, da yake sun daɗe suna aikin, ba kasafai ake samun wannan giɓin a wurinsu ba. A kwalejojin sana'a akwai masu cikakkiyar tantancewa, akwai marasa ita, kuma tallarsu iri ɗaya ce.

A maganar kuɗi babu kusanci ko kaɗan. Matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yankin yana wajen dala 4,000 a shekara. A kwalejojin al'umma na jami'ar CUNY dala 4,800 ne ga mazaunin birnin Niyok. A Kalifoniya dala 46 ake biya kan kowane kiredit, a Karolina ta Arewa dala 76. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi kuma ba a mayar da shi, ya kai dala 7,395 a shekara ga wanda ya cancanci cikakkensa. Ka ga ke nan ga talaka mai girin kad, Pell kaɗai yakan biya kuɗin kwalejin al'umma har a samu ragowar littattafai da kuɗin mota. Wasu jihohin ma sun ƙara da nasu. Tennessee tana da shirin karatu kyauta ga manya tun 2018, Michigan ta fara nata a 2021, Massachusetts kuma ta buɗe kwalejojin al'ummarta kyauta ga mazauna jihar a 2024. Ƙofar duk wannan ita ce cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu, kuma shi ma kyauta ne.

A kwalejin sana'a ba baƙon abu ba ne kwas ɗin nas na shekara biyu ya kai dala dubu 40 zuwa 60. Mu ɗauki dubu 50 mu yi lissafi. Pell na shekara biyu wajen dubu 15 ne. Bashin gwamnatin tarayya ga ɗalibi mai zaman kansa yana da iyaka: dala 9,500 a shekarar farko, 10,500 a ta biyu. An samu wajen dubu 35. Ragowar dubu 15 sai dai daga aljihu, ko bashin banki, ko bashin da makarantar ke bayarwa da kanta, kuma waɗannan biyun ruwansu ya fi yawa, sassaucinsu ya fi ƙanƙanta. Kuɗin ruwan bashin tarayya ga waɗanda suka karɓa a zangon 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 ne cikin ɗari. Wanda ake bin sa dubu 30 a kan wannan farashi, zai riƙa biyan kusan dala 340 duk wata har shekara goma, kuma kusan dubu 11 na abin da zai biya ruwa ne zalla. Bashin karatu a Amurka kuwa da wuya kotu ta yafe shi ko da mutum ya karye.

Ga Musulmi akwai nauyin da ya wuce lissafi, wato riba. Na san mutane da dama da wannan kaɗai ya ishe su yanke hukunci, kuma ina ganin girmansu. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan na malamai ne. Abin da zan ce kawai shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ana iya gama ta ba tare da an karɓi bashi mai ruwa ba, ɗayar kuwa da wuya.

Wani abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba shi ne Pell yana ƙarewa. Zangon karatu 12 ne iyakarsa a rayuwar mutum, wato kimanin shekara shida. Duk zangon da ka ƙona a kwas marar amfani, an cire shi daga rabonka na gobe.

To me ya sa mutane masu hankali suke zaɓen mai tsadar? Saboda lokaci, kuma wannan hujja ce ta gaske. Shiga kwalejin al'umma abu ne mai sauƙi, amma shiga kwas ɗin nas ko na haƙori ko na hoto a cikinta wani yaƙi ne daban. Sai ka fara gama darussan share fage: ilimin sassan jiki da aikinsu kashi na ɗaya da na biyu, ilimin ƙwayoyin cuta, Turanci, lissafi, ilimin halayyar ɗan Adam, a wasu wuraren har da kimiyyar sinadarai. Wannan shekara guda ne ko ɗaya da rabi ga mai aiki. Idan gwajin shiga ya nuna Turancinka ko lissafinka na buƙatar gyara, ƙara wani zangon ko biyu. Sannan ka zauna jarrabawar TEAS ko HESI, a jera ku bisa maki. Kujeru kaɗan ne, domin malaman jinya sun yi ƙaranci kuma asibitoci ba sa iya karɓar ɗalibai masu koyon aiki fiye da ƙima. Yawanci sau ɗaya ko biyu ake ɗauka a shekara. A wasu kwalejojin Kalifoniya har ƙuri'a ake jefawa tsakanin waɗanda suka cancanta. Wanda ya samu C a darasin sassan jiki yana iya nema sau biyu, sau uku bai samu ba. Digirin da aka ce na shekara biyu ne sai ya koma na uku da rabi ko huɗu.

Kwalejin sana'a ta gina kasuwarta ne a kan wannan layin. Tana ɗaukar ɗalibai sau da yawa a shekara, tana cusa darussan share fage a cikin kwas ɗin, ba ta dogon hutu, kuma ana iya gamawa cikin wata 18 zuwa 24. Jadawalin a tsare yake tun daga ranar farko har ta ƙarshe, tare za ku tafi da 'yan ajinku, ba ruwanka da rububin rajistar darasi. Wasu suna da ajin dare da na ƙarshen mako. Idan ka yi fashi kwana biyu za a kira ka a waya. Ga wanda bai san kan tsarin karatun Amurka ba, wannan riƙon hannun yana da daraja. Alƙaluman gwamnati ma sun nuna a makarantun shekara biyu masu neman riba kusan kashi 60 cikin ɗari na ɗalibai suna gamawa kafin wa'adin kwas ɗin ya ƙaru da rabinsa, a na gwamnati kuwa kusan kashi 30. Sai dai a san cewa da yawan masu gamawar a ɓangaren farko gajeren satifiket suka yi, da yawan na biyun kuma sun wuce jami'a ne kafin su karɓi digiri.

Ga lissafin da ke goyon bayan kwalejin sana'a. Tsakanin albashin mataimakin nas da na nas mai rajista akwai tazarar kusan dala dubu 48 a shekara kafin haraji. Sabuwar nas ba ta farawa a kan albashin tsaka-tsaki, kuma jihohi sun bambanta, to mu ce tazarar dubu 30 ce. Idan kwalejin sana'a za ta sa ka fara aikin nas shekara biyu kafin lokacin da kwalejin al'umma za ta fitar da kai, ka samu dubu 60 da da ba za ka samu ba. Wannan ya rufe ƙarin kuɗin makarantar. Lissafin daidai ne, kuma akwai waɗanda ya yi wa aiki. Amma yana tsaye ne a kan sharuɗɗa uku: ka gama, ka ci jarrabawar lasisi, kuma jiran da kake gudu na gaske ne, ba ji ka yi a bakin mai tallar makaranta ba. Sharaɗin farkon shi ya fi kayar da mutane. Karatun gaggawa ba ya haɗuwa da aikin awa 40 a mako da renon yara. A yawancin kwasa-kwasan nas, faɗuwa darasi biyu kora ce. Wanda aka kora daga kwalejin al'umma ya yi asarar lokaci da 'yan dubbai. Wanda aka kora daga kwalejin sana'a a zango na huɗu ya fita da bashin dubu 30 ba takarda.

Kuma da wuya ya kwashi abin da ya karanta ya kai wani wuri. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya fitar da rahoto a 2017 a kan ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009. Waɗanda suka tashi daga makarantar gwamnati zuwa wata ta gwamnati sun yi asarar kimanin kashi 37 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Waɗanda suka tashi daga mai neman riba zuwa ta gwamnati sun yi asarar kashi 94. Dalilin shi ne jami'o'i sun fi karɓar kiredit daga makarantun da hukumomi irin su Middle States da Higher Learning Commission da SACSCOC suka tantance, yayin da yawancin kwalejojin sana'a ke ƙarƙashin wasu hukumomin daban kamar ACCSC da ABHES. Wannan ya shafi har wanda ya gama lafiya. A jihar Niyok an sa hannu kan doka a watan Disambar 2017 da ta wajabta wa sababbin nas-nas masu digirin shekara biyu su samu digirin farko na jinya, BSN, cikin shekara goma da karɓar lasisi. Ko a jihohin da ba doka, manyan asibitoci da yawa sun fi son mai BSN. Kwalejojin al'umma galibi suna da rubutacciyar yarjejeniya da jami'o'in jiharsu a kan karɓar kiredit. Idan kwalejin sana'a ta ce ita ma tana da irinta, ka ce a nuna maka sunan jami'ar, ka kira jami'ar da kanka.

Sai haɗarin rufewa, wanda ba tatsuniya ba ne. Kamfanin Corinthian, mai makarantun Everest da Heald, ya durƙushe a 2015, kuma a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗalibansa 560,000. ITT Tech, wadda take da makarantun jinya a cikinta, ta rufe rassa wajen 130 a watan Satumbar 2016. Kamfanin da ya mallaki Virginia College da Brightwood ya rufe a Disambar 2018, ɗalibai kusan dubu 20 suka wayi gari ba makaranta. Akwai dokar yafe bashin tarayya ga wanda makarantarsa ta rufe yana tsakar karatu, amma ba ta mayar masa da shekarunsa, kuma ba ta shafi bashin banki ba. Tun a 2012 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Tom Harkin ya fitar da rahoton bincikensa a kan kamfanoni 30 na irin waɗannan makarantu, ya gano a 2009 sun kashe kashi 22.7 na kuɗin shigarsu a talla da farautar ɗalibai, kashi 17.2 kacal a koyarwa. An ƙara tsaurara dokoki tun daga lokacin, kuma ba adalci ba ne a shafa wa kowace makaranta laifin waɗancan. Amma kwalejin al'umma ba ta rufewa dare ɗaya.

Ina so in ja kunnen 'yan'uwa a kan abin da ya fi wannan muni. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi fiye da 7,600 daga wasu makarantu uku a Fulorida, binciken da aka sa wa suna Operation Nightingale. An gurfanar da mutum 25 a karon farko, jihohi kuma suka shiga bin waɗanda suka yi amfani da takardun suna karɓe lasisinsu. Duk wanda ya ce maka akwai makarantar da za ka biya, ka je na 'yan makonni, a ba ka takardar zama NCLEX ba tare da koyon aiki a asibiti ba, ka guje shi. Ban da asarar kuɗi da lasisi, ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba irin wannan shari'ar tana iya taɓa takardun zamansa. Sannan rayukan marasa lafiya amana ne.

Koyon aiki a asibiti ma abin tambaya ne. Kwalejin al'umma da ta shekara talatin tana tura ɗalibai asibitin garin tana da gurabenta, kuma sau da yawa a nan ɗaliban ke samun aikin farko. A kwalejin sana'a ka tambayi sunayen asibitocin, da nisansu, da ko makarantar ce ke nemo gurbin ko kai za a bar wa nema.

Akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi dacewa da mai iyali. Ka riƙe aikinka na CNA, ka riƙa ɗaukar darussan share fage biyu-biyu a kwalejin al'umma, ka dage ka samu A ko B a ilimin sassan jiki. Kiredit ɗin nan naka ne duk inda ka je, har kwalejojin sana'a da dama suna karɓarsa su rage maka kuɗi. Idan ka gama, ka nemi kwalejoji uku ko huɗu lokaci guda, har da na garuruwan da ke gefe inda cunkoso bai kai na birni ba, da makarantun jinya na asibitoci waɗanda ba na riba ba. Kada kuma ka kafe a kan nas kaɗai, domin kwas ɗin numfashi a wurare da yawa layinsa bai kai na nas tsawo ba, albashinsa kuma ka gani. Wasu sukan bi ta LPN, ƙaramar nas ta shekara guda, mai albashin tsaka-tsaki na dala 59,730, su fara aiki, sannan su haye zuwa RN. Ka tambayi wurin aikinka ko suna biyan kuɗin karatu, domin doka ta bar masu ɗaukar aiki su ba ma'aikaci har dala 5,250 a shekara ba haraji. A Niyok ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta 1199SEIU tana da asusun horar da 'ya'yanta, kuma da yawan masu aikin kula da tsofaffi 'yan ƙungiyar ne.

Wanda ya riga ya yi karatun nas a Najeriya ko Ghana ko Nijar kada ya yi saurin komawa aji ɗaya. Hukumomin jinya na jihohi suna da hanyar auna takardun waje, galibi ta hannun ƙungiyar CGFNS, wadda ta koma TruMerit a 2025, kuma wanda takardunsa suka cika yana iya zama NCLEX ba tare da sabon digiri ba. Mai WAEC ko NECO ko BAC shi ma ya kai takardarsa a auna kafin ya ce zai yi GED, jarrabawar da ke maye gurbin takardar gama sakandare a Amurka. Wanda ya taso da Faransanci kuwa, darussan Turanci masu araha na kwalejin al'umma sun fi masa alheri a kan kwas ɗin gaggawa, domin NCLEX jarrabawa ce ta karanta dogon bayani da yanke hukunci. Mai bizar ɗalibi, F-1, ba ya samun Pell ko bashin tarayya, kuma kuɗin baƙo zai biya a kwalejin al'umma, wanda yakan ninka na ɗan gari sau biyu ko uku. Sabon zuwa ma yawanci sai ya shekara a jiha kafin a ba shi farashin ɗan gari.

Wa zan ce ya tafi kwalejin sana'a? Wanda ya gama share fage, ya nemi kwalejojin al'umma an hana shi gurbi, kuma sana'ar da yake nema mai lasisi ce mai albashi mai kauri. Sannan a ce yana da miji ko mata ko iyaye ko ajiyar da za ta riƙe gida har ya rage aiki na wata ashirin, kuma makarantar ta tsallake bincike. Binciken ba mai wahala ba ne. Hukumar jinya ta kowace jiha tana wallafa kason ɗaliban kowace makaranta da suka ci NCLEX a zaman farko. Ka duba na shekara uku a jere, idan yana ƙasa da kashi 80 ka ja baya, ka kuma duba ko hukumar ta sa makarantar a ƙarƙashin gargaɗi. Ka tambayi mutum nawa suka fara kwas ɗin, nawa suka kai ƙarshe, domin makaranta tana iya korar rabin aji ta nuna sakamako mai kyau da ragowar. Shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi yana nuna bashin da ɗalibanta ke fita da shi da abin da suke samu bayan gamawa.

Ranar da za ka je ofishinsu kada ka sa hannu a komai, ko da an ce kujera ɗaya ta rage. Ka karɓi takardar yarjejeniyar shiga ka tafi da ita gida, ka zauna da wanda ya iya karanta irin wannan Turancin. Ku nemo jimillar kuɗin har da littattafai da yunifom da jarrabawa, da abin da ake biya idan aka maimaita darasi, da sakin layin da ke cewa ba za ka kai su kotu ba sai dai zaman sulhu. Ku nemo kuma ranar ƙarshe da za ka iya janyewa a mayar maka da kuɗinka, da kason da za su riƙe idan ka wuce ta.